Zaren da Ba Shi da Nauyi

Da muryarsa Baba ya ciyar da gidansa. Mai sanarwa ne a tashar jirgin ƙasa tun yana saurayi har ya yi ritaya, kuma ko a ranakun da lasifikar tashar ta yi gardama, ba a taɓa samun fasinjan da ya ce jirgi ya bar shi don bai ji ba. A gida ma bai iya rage ta ba. In ya ɗaga murya daga ɗakinsa ya ce a kawo shayi, maƙwabta kan leƙo ta katanga su ce su ma sun ji, a haɗa da nasu.

Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a ƙofar banɗaki. Ya shanye masa ɓarin dama, ya bar masa harshe mai nauyi kamar an cusa masa auduga a baki. Hankalinsa kuwa yana nan daram, idonsa ma haka, da kaifinsa da komai. Maganar ce in ta taso sai ta iso leɓe a dame. Ya faɗa, ya sake faɗa, mutane su yi ta kallon juna, har ya gaji ya juya fuska wajen bango. Mutumin da ya saba ɗaruruwan mutane su miƙe da jakunkunansu saboda kalma ɗaya tasa, yau sai ya yi gumi kafin a gane filo yake so a gyara masa.

Gidan ba wani taro ba ne. Akwai Yaya, babban ɗansa, direban tirela, wanda rabin watansa a hanya yake ƙarewa. Akwai matar Yaya, wadda kowa ke kira Anti, mace mai haƙuri da ciwon baya da yara uku. Sai Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda ke aiki can a ɗaya ƙarshen birnin, inda sai an sauya mota kafin a kai, tana zaune a ɗakin haya kusa da ofis ita da wata ƙawarta. Da abin ya faru ta ɗauki hutu, ta dawo ta shimfiɗa katifa a gindin gadon Baba. Cikin ikon Allah sai ya zama ita kaɗai ke jin sabon yarensa.

Shi dai ba ya ce mata Auta. Uwa yake kiranta tun tana rarrafe, wai ta ɗauko fuskar mahaifiyarsa, ta haɗa har da faɗan. Duk duniya ba mai kiranta da sunan nan sai shi. To da ciwon ya cinye masa wasu haruffa, sai sunan ya yi karo da wata kalma. In ya ce ruwa, uwa ake ji. In ya ce Uwa, uwa ake ji. Anti ta sha shigowa da kofi a guje, ashe 'yarsa yake nema ta karanta masa jarida.

"Ke ta yaya kike rarrabewa ne?" Anti ta tambaye ta wata rana.

"Ki kasa kunne da kyau, Anti. In ruwa yake so, harshen yana ɗan yunƙurawa kafin kalmar ta fito, kamar zai taɓa sama ya fasa. In ni ce, ba yunƙuri, a miƙe take fitowa."

Anti ta saurara har da karkata kai, sannan ta yi tsaki. "Ni wallahi duk ɗaya nake ji. Allah ya bar miki kunnenki."

Hutu ya ƙare, ofis suka fara kira. Abin da ya ɗan sanyaya wa Auta rai shi ne aikin nata ma a kan irin wannan lalurar yake. Ƙaramin kamfani ne, hawa na biyu a kan wani shagon sayar da tayoyi, sun daɗe suna fama da wata na'ura da za a rataya wa mai nauyin harshe a wuya, ta saurari abin da ya faɗa ta maimaita shi tar da muryarta. Lokacin da Auta ta kama aikin, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wata rana a gidansu za a buƙace ta ba.

Abin da ke cikin na'urar suna kiransa ƙwaƙwalwa, ko da yake lissafi ne zalla. Kamar saƙa take mai zare miliyoyi, kowane zare yana haɗa wani ƙulli da wani, kuma kowanne da lambarsa, wadda suke kira nauyi. Ana horar da ita da muryoyin majinyata masu ɗimbin yawa, tana saurare tana kuskure ana gyara mata, har zaren da ake yawan bi ya yi nauyi, wanda ba a cika bi ba ya zauna siriri, lambarsa dab da sifili. In an gama, ƙwaƙwalwar takan yi girman da sai babbar kwamfutar ofis ke iya ɗaukarta, mai fankoki da cin wuta kamar dutsen guga. Ita kuwa na'urar wuya ba ta fi kwalin ashana ba, batirinta ɗan mitsitsi, kuma dole ta yi aiki a gidan da ba intanet, wutar ma sai ta ga dama. A nan aikin Auta yake. Ita ke bin zaruruwan nan tana datse marasa nauyi, ta sake yi wa ƙwaƙwalwar ɗan horo don ta warware, ta gwada, ta sake datsewa, har ta ƙanƙance ta shiga kwalin. A ofis aski suke kiran aikin, ita kuma Mai Aski.

Tun tana jinya take naɗar muryar Baba a wayarta, da yardarsa, yana faɗin abubuwan da yake buƙata, wani lokaci yana haɗawa da zagin Yaya. Ta zuba naɗin cikin horon tare da na sauran majinyata. Ranar da babbar ƙwaƙwalwar ta saurari Baba ta rarrabe ruwa da Uwa ba tare da kuskure ba, Auta ta shiga banɗakin ofis ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Ta samu wanda zai zama kunnenta a gida. Ta yi wa ƙwaƙwalwar aski har rabi, ta cusa ta cikin na'ura da kyar, ta kai gida ranar da Yaya yake nan.

Suka taru a ɗakin Baba. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da gadon ƙarfe, da teburin magani, da tsohon hotonsa sanye da hular ma'aikatan tasha. Auta ta rataya masa igiyar, ta gyara na'urar a ƙirjinsa, ɗan koren haske ya kama. Baba ya dubi abin a wulaƙance, ya dubi Yaya da ya cika ƙofa, ya motsa baki ya fitar da wani dogon damammen sauti.

"Kai, matsa, ka tare min iska," in ji na'urar, da muryar wani saurayi mai ladabi.

Anti ta dafe ciki don dariya. Yaya ya matsa yana cewa, "To ai shi ke nan, mun shiga uku, Baba ya dawo." Baba ya sake magana, gefen bakinsa mai lafiya yana rawa.

"Muryar nan ba ƙarfi. Wannan ba zai tsayar da ko keke ba."

Rabon da a yi dariya haka a ɗakin tun kafin faɗuwar. Da aka lafa, Baba ya juyo ya kafa wa Auta ido, ya faɗi kalma ɗaya a hankali.

"Uwa," in ji na'urar.

"Na'am, Baba," ta ce, ta sunkuyar da kai don kada Yaya ya ga idonta. Sannan ta dubi Anti. "Kin gani? Daga yau kin huta da canke. Abin da ta faɗa shi ya faɗa. Ta fi mu ji."

Daɗin bai kai yamma ba. Kafin azahar batirin ya mutu, kuma da aka ɗaga na'urar sai ga jan tabo a fatar ƙirjin Baba, don zafin da ta ɗauka. Rabin ƙwaƙwalwar ma ya yi mata yawa. Auta ta mayar da ita ofis, ta nuna wa Manaja hoton tabon. Manaja mutum ne mai sanƙo da gajen haƙuri, amma ba mugu ba ne, shi ma mahaifiyarsa irin wannan ciwon ne ya ɗauke ta.

"Mai Aski, wannan ai gyaran fuska kika yi mata," ya ce. "Tal kwabo muke so. Kashi ɗaya cikin goma kawai za ki bari."

"Oga, in na kai nan, zan fara taɓa fata."

"Ki taɓa a hankali. Na'urar da ta mutu da tsakar rana wa take ji? Ga asibitoci suna jira, kowa da tsohonsa a kwance."

Gaskiya ya faɗa, ta sani. Ta zauna ta kama aski. Yadda ake yinsa ba wani sihiri ba ne: ana jera zaruruwan daga mai nauyi zuwa marar nauyi, a ja layi, duk wanda ya faɗo ƙasan layin a mayar da lambarsa sifili. Ba a tambayar zare me yake ɗauke da shi, ba wanda ma zai iya bin miliyoyi ɗaya bayan ɗaya ya tambaya. Nauyi kawai ake dubawa. Ta ɗaga layin, ta horar, ta gwada. Ta sake ɗagawa. Dogo, abokin aikinta da ke kula da batir da wayoyi, kullum sai ya leƙo ta bayan kujerarta ya ce, "Mai Aski, a bar mata ko da gashin gira mana."

Da aka kai kashi ɗaya cikin goma, aka kunna mata tarin muryoyin gwaji. Kafin aski, cikin kowace magana ɗari tana gane casa'in da huɗu. Bayan aski ta gane casa'in da uku. Dogo ya bar ta a kunne tun safe har washegari ta wuce, ko ɗumi ba ta yi ba. Manaja ya sayo lemo ya raba wa kowa, baki har kunne.

"Ɗaya tak muka rasa cikin ɗari," yake ta faɗa. "Ɗaya tak!"

Auta ba ta tsaya nan ba, don ba ta da sakaci. Ta ɗauko naɗin Baba ta kunna wa sabuwar na'urar. Ruwa. Fitsari. Juya ni. Ciwo. Zafi nake ji. Kira likita. Duk abin da majinyaci zai iya shiga wahala in ba a ji shi ba, ta gwada, duk ta gane. Sunanta ne kaɗai ba ta gwada ba. Bai zo mata a rai ba, don a lissafinta buƙatu take dubawa, suna kuwa ba ya cikinsu. Yaya ya biyo ta unguwar da tirelarsa, ta sauko ta miƙa masa na'urar ta taga, ta ce a gaida Baba, tana nan zuwa ƙarshen mako.

Ƙarshen makon ya zo ba ta je ba. Akwai na'urori da yawa da za a shirya wa asibitoci, kowacce sai an zuba mata ƙwaƙwalwa an gwada. Wannan shi ne dalilin da take faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa wanda ba ta faɗa ko wa kanta: ta gaji. Ta gaji da warin magani, da katifar ƙasa, da kallon mutumin da ta fi so yana kokawa da harshensa. Gadonta ya yi mata daɗi, shirun ɗakinta ya yi mata daɗi. In zuciyarta ta fara yi mata ƙorafi, sai ta tuna mata cewa ai ta bar masa kunne a ƙirji.

Tana dai kiran waya. Anti ce ke ɗauka.

"Lafiya lau yake, na'urar nan kam Allah ya yi miki albarka. Batir sai mu manta ma da caji. Abu ɗaya ne kawai, ya cika neman ruwa."

"Zafi ne, Anti."

"Haka na ce. Amma da safe ruwa, da rana ruwa, ana ba shi ya kurɓa, kafin na kai ƙofa ya sake cewa ruwa. Zanen gado kuwa ban san sau nawa nake sauyawa ba."

Aka kira likita ya duba ko ciwon suga ne ya shigo. Ba shi ba ne. Likitan ya ce dai a riƙa ba shi a hankali da cokali, don masu irin ciwonsa suna saurin ƙwarewa, ga shi har ya fara tari.

Wata rana da rana Auta ta kira tana cin abinci a kan teburin aikinta, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ta ce a kai masa wayar su gaisa. Ta ji takun Anti, ta ji ƙarar labule, ta ji Anti na cewa, "Baba, ga Auta."

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Muryarsa ta yi rauni, wayar ba ta kamo ta sosai ba. Abin da ya iso kunnenta tar shi ne muryar saurayin nan mai ladabi.

"Ruwa."

"To Baba, yanzu za a kawo. Ya ƙarfin jikin?"

"Ruwa. Ruwa."

"Anti, ki ba shi ruwa mana, kin ji yana ta nema."

"Yanzu fa na ba shi!"

"Ki ƙara masa. Baba, zan zo, ka ji? Aiki ne ya yi yawa."

"Ruwa," in ji na'urar, sannan wayar ta katse. Auta ta ƙarasa abincinta.

Daga nan labaran suka fara sauya kama. Anti ta kira ranta a ɓace, ta ce ya nemi ruwa ta kawo, ya sa hannunsa mai lafiya ya ture kofin har ya jiƙa ta. Ba ta taɓa ganin haka daga gare shi ba. Wani lokaci kuma, in ji ta, sai ya riƙa jan igiyar na'urar kamar zai tsinka, ita kuwa ta gyara masa, don in ba ita ta yaya za a ji shi? Da Yaya ya dawo daga tafiya ya zauna da shi, ya fito tsakar gida ya kira Auta, ya rage murya.

"Auta, ina ganin kan Baba ya fara taɓuwa. Mutum ya yi ta neman abu, a ba shi ya ƙi, yana hawaye? Rikicin tsufa ne ya shigo. Mu dai yi haƙuri da shi."

Auta ta ajiye wayar. Hankalin Baba shi ne abu ɗaya da ciwon ya bar masa, shi take alfahari da shi in ana tambayarta jikinsa. Ta yi kuka a ranar, ta ce lallai wannan makon za ta je. Sai kuma tsoron abin da za ta tarar ya kama ta, ta sake ɗagawa.

Ranar da abin ya bayyana ba wata rana ta musamman ba ce. Da hantsi ne, fankar ofis tana juyawa, ƙarar injin cire taya tana tasowa daga ƙasa. Kwamfutarta ta cika, tana share tsofaffin kaya, sai ta ci karo da wani dogon naɗi na Baba da ba ta taɓa saurara har ƙarshe ba. Kewarsa ta kama ta, ta kunna. A gefen hannunta akwai ɗaya daga cikin sababbin na'urorin, Dogo ya bar ta a kunne yana gwajin batir. Muryar Baba ta fito, yana maimaita kalmomin da ta sa shi, na'urar tana binsa ɗaya bayan ɗaya. Can wajen ƙarshe aka ji ya gaji, ya yi ɗan tari, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki. Sannan ya kira ta, a miƙe, ba yunƙuri.

"Ruwa," in ji na'urar.

A cikin naɗin kuwa aka ji muryar Auta ta wancan lokacin tana cewa, "Na'am, Baba."

Ta mayar baya ta sake kunnawa. Ruwa. Ta sake. Ruwa. Ta tura naɗin ga babbar ƙwaƙwalwar da ba a taɓa yi wa aski ba, fankokin kwamfutar suka ɗauki ƙara, kalmar ta fito a allo: Uwa.

Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, aikinta ne. A cikin muryoyin da aka yi horo da su, majinyata ɗaruruwa ne ke cewa ruwa, safe da yamma, kowa da irin nasa nauyin harshen, da yawansu ma ba sa iya fitar da harafin farko. Zaruruwan ruwa sun yi kauri. Mai kiran wani da Uwa kuwa tsoho ɗaya ne tak. Ɗan bambancin nan da ke tsakanin yunƙuri da rashinsa, a kan wasu 'yan zaruruwa sirara yake tafiya, waɗanda baki ɗaya kawai ya taɓa bi ta kansu. A askin farko sun tsira. A na biyu layin ya hau kansu. Ita ta ja layin.

Dogo ya ga yadda ta ƙame, ya matso. "Lafiya, Mai Aski?"

Ta kunna masa. Ta gaya masa sunan, wanda ba wanda ya sani a ofis. Dogo mai yawan wasa ne, amma bai yi ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai gyaransa ba wuya. Mu dawo da 'yan zaren, mu ɗan ƙara mata horo da naɗin nan, kafin la'asar an gama. Batir ko ji ba zai yi ba."

Sauƙin gyaran ya fi komai yi mata ciwo. Ta ɗauki jakarta ta sauka, ko kwamfutar ba ta kashe ba.

A mota ta zauna jikin taga, wata mata mai kwandon kaya ta matse ta. Ba ta ji ba. Wayar nan ta ranar take ta juyawa a kanta. An kai masa muryarta har kunne, ya kira ta, ya sake kira, ita kuma da bakinta, da abinci a cikinsa, ta ce a ƙara masa ruwa. Ta tuna kofin da ya ture, da igiyar da yake ja, da hawayen da Yaya ya gani ya kira rikicin tsufa. Kansa ƙalau yake. Yana kwance yana jin abin da ke ƙirjinsa yana juya masa magana, kuma ba shi da bakin da zai ƙaryata shi sai ta cikinsa. Ta tuna ɗayan nan da Manaja yake murna an rasa cikin ɗari, da na'urorin da suka riga suka tafi asibitoci, ta rasa gidaje nawa ne ke da irin nasu sunan. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne mata ƙirji.

Ta tarar da Anti a tsakar gida tana shanya zanen gado. Anti ta saki baki.

"Ikon Allah! Yau ke ce a gari? Ba ko waya?"

"Anti, ba ruwa yake nema ba. Ni yake kira. Na'urar ce ba ta rarrabewa."

Anti ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

"Wallahi da farko na ce," ta faɗa a hankali. "Na ce wa yayanki, anya ba Auta yake kira ba? Don ƙofa yake kallo, ba tebur ba. Amma na'urar ta ce ruwa. Ke kika ce abin da ta faɗa shi ya faɗa. Ke kika ce ta fi mu ji."

"Ni na ce."

"To ai ya ma daina. Kwanan nan ko sau ɗaya bai faɗa ba, sai mu muka tuna mu ba shi. Ni har ina murna, na ce ya samu sauƙi."

Auta ta ɗaga labule ta shiga. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, taga ɗaya, gadon ƙarfe, hoton mai hula, sai dai an naɗe katifarta an jingine a bayan ƙofa. Baba ya rame, wuyansa ya zama igiya, numfashinsa yana fita da ɗan kurman sauti. Fuskarsa na wajen bango. A ƙirjinsa koren hasken yana nan a kunne, batir bai ko girgiza ba. A kan teburin magani ga kofi da cokali a ciki.

Ta durƙusa a bakin gadon, ta zare igiyar daga wuyansa a hankali, ta kashe na'urar ta jefa cikin jaka. Ta kama hannunsa mai lafiya.

"Baba, ga ni. Na zo."

Ya juyo da kyar. Idon nan nasa bai sauya ba, ya gane ta nan take, ta ga ya gane. Ya daɗe yana kallonta, ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da ta fi samun sauƙi. Leɓensa ya motsa ya tsaya.

"Na cire ta, Baba. Ni ce nake ji yanzu. Kira ni."

Ƙarar ɗigar ruwan zanen Anti tana shigowa daga waje.

"Don Allah, Baba. Kira ni."

Ya tattara numfashi. Kalmar ta fito siririya, a miƙe, ba ko alamar yunƙuri, yadda yake faɗinta tun tana rarrafe.

"Uwa."

Kafin ta amsa, idonsa ya riga ya bar fuskarta ya koma kan kofin. Ya ɗan ɗaga haɓa, ya runtse ido, ya buɗe baki a hankali yana jiran cokali, yadda aka sabar masa duk lokacin da ya kira sunan.

"Na'am, Baba," ta ce, tana matse hannunsa. "Na'am. Na'am."

Bai rufe bakin ba.